Kajin Sanyi

A shekarun da albashi ya lalace, nama ya fi ƙarfin mutanen unguwarmu, New Bell. Babana mahauci ne, duk unguwar Hausawa an yarda da wuƙarsa, amma mu ma busasshen kifi muke ci. A lokacin ne wani kamfani mai shigo da kajin sanyi daga waje ya buɗe kanti kusa da kasuwa, ya ɗauke ni aiki. Na zaci don na gama sakandare ne, ina jin Faransanci. Patron, wato mai kamfanin, ya tambayi 'yar wace ce ni, da na faɗa masa sai ya ce kada in riƙa cire mayafina a kanti.

Mata kan tambayi yanka kafin farashi. Patron ya rantse mini Musulmi ne ke yankawa a can, ni kuma na dinga maimaitawa. Maƙwabciyarmu, wadda muke kira Goggo, ta ɗaga wata cinya ta jujjuya ta.

"Wannan kazar ai ta girme ni, 'yata. Amma tunda ke kika faɗa, zuba mini."

Wata safiya aka aike ni siton kamfanin a unguwar Ndogpassi. Na tarar da ma'aikata suna manna wa kwalaye tambarin halal mai rubutun Larabci. Suna dariya suka ce kaya ɗaya ne da wanda ake kai wa unguwar Bépanda, na New Bell kawai ake manna wa. Ban san patron na tsaye bayana ba. Ya ce, a hankali, ya san gidanmu, ya kuma san manya a ofishin 'yan sanda.

"Ni ba na jin Hausa," in ji shi. "Ke kika faɗa musu."

Har yau in mota ta tsaya a ƙofar gidanmu sai na leƙa in ga ko su ne. Duk da haka na gaya wa Baba. Bai yi mini faɗa ba. Bayan la'asar ya miƙe a masallaci ya faɗa wa jama'a da bakinsa.

Kamfanin ya rufe kantin, ya buɗe wani a wata unguwa da sabon suna. Mu muka zauna. Da azumi ya zo, Innata ta zuba miya a kwano, na kai wa Goggo kamar yadda aka saba. Ta gaishe ni lafiya lau, ta tambayi lafiyar Baba. Kafin a kira magariba aka dawo mana da kwanon a rufe, da nauyinsa.