Tsallaken Ya Kura

Wanda bai ci ƙuli-ƙulin Ya Kura ba, wallahi bai san Roni ta da ba. Babarbariya ce, aure ya kawo ta daga gabas. Miji ya rasu, ba ɗa ba jika, ta zauna tana suyarta. Har daga Yankwashi 'yan acaɓa ke zuwa saye. Kai, ina ma a dawo da wannan ƙamshi!

A ƙofar gidanta dattawa ke zaman hira bayan la'asar, suna musu a kan inda mugunta take. Malam Ukasha ya ce a zuciya take, kowa da tasa. Kawu Lauwali ya ce a'a, a nono ake shan ta. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin mugu ba, sai mai jin tsoro."

Ana nan, Zulaikha 'yar maƙwabciyarta Mas'uda ta kwanta zazzaɓi, tana sambatu tana kiran sunan Ya Kura. To, wa za ta kira? Kullum a gindinta take wuni. Amma mata suka ce Ya Kura mayya ce, ta kama kurwar yarinya, sai ta zo ta tsallaka ta kamar yadda aka saba.

Ya Kura ta san abin da ke jiran ta. In ta ƙi, yarinya ta mutu, ita ta cinye ta. In ta tsallaka yarinya ta tashi, shi ke nan, maita ta tabbata.

Mas'uda ta durƙusa tana kuka. "Inna, ki yi wa Allah."

"Tashi, 'yar nan," in ji Ya Kura.

Ta tattare zane ta tsallaka, tana roƙon Allah a ranta Ya tashi kafaɗun yarinyar. Da yamma kuma ta matsa aka kai ta asibitin Kazaure.

Zulaikha ta warke. Ba wanda ya tuna da allurar asibiti, tsallaken kawai aka riƙe. Ciniki ya mutu, dattawa suka sauya wurin hira, uwaye suka hana yara bin layin. Abin da ciwo, wallahi.

Bayan shekaru, Malam Ukasha ya je gaishe ta, kunya ta ishe shi. Ya ce, "Ya Kura, ba ki yi da-na-sani ba?"

Ta ce, "Malam, jiya na hango Zulaikha da goyo. Ta ga ni ta canza hanya, amma da ƙafarta take tafiya."