Akwatin da Yake Neman Ƙasa

Ba zan iya rantsewa a kan shekarar ba, domin ni da yayata mun yi saɓani a kai, amma na tabbata ban shiga sakandare ba lokacin da Kaka ta fara ba mu tatsuniyar gurmi. A gidanmu na Garo, bayan sallar isha'i mukan zagaye murhunta, garwashi yana ja, ita kuma tana ɓare gyaɗa a faifai. A bayanta, cikin ɗaki, akwai wani baƙin akwati a kan turmi da aka kifa.

Amfilifaya ce, wato na'urar ƙara sautin jita, irin ta da, mai kwalabe a ciki waɗanda suke yin ja idan sun ɗauki zafi. Ta Kawu Habu ce, autan Kaka, wanda yake kiɗa a bukukuwan Gwarzo. Kakanmu malami ne, bai taɓa yarda da sana'ar ba. Wata rana Kawu ya bi wasu makaɗa zuwa kudu, ya ce zai dawo ya ɗauki kayansa. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma ba wanda ya ga gawa.

Duk daren da aka kawo wuta sai Kaka ta sa a kunna akwatin. Ba ya kiɗa, sai wani ƙugi mai kauri kamar na mutumin da yake nishi da baki a rufe. Idan ta ɗora tafinta a kan ƙarfen fuskarsa sai ƙugin ya yi ƙasa, idan ta ɗauke ya dawo.

"Kun ji ko? Ya san hannuna," in ji ta. "To, ga ta nan, ga ta nanku, wanda ya yi gyangyaɗi kura ta ji da shi."

Wai wani saurayi ne ya tafi fatauci da gurminsa, ya ɓace a daji. Da damina rafi ya kawo gurmin shi kaɗai har ƙofar uwarsa. Tun daga ranar, kullum rana ta faɗi sai gurmin ya kama kuka ba tare da an kaɗa shi ba, kuma ba ya shiru sai uwar ta dafa shi. Ta shafa masa mai, ta sake masa tsirkiya, duk a banza. Sai wata tsohuwa ta ce mata, "Baiwar Allah, ba magani yake nema ba. Ƙasa yake nema."

Nan Kaka take tsayawa. Ko sau ɗaya ban ji ta ce ƙurunƙus ba.

"Kaka, sai aka yi yaya?"

"Kai maigidan nan ka cika tambaya, cefane kuwa ba ka iya ba. Tashi ka kwanta."

Bayan na gama karatun injiniyan lantarki na dawo gida, na tarar ƙugin ya ƙaru, har wutar akwatin tana ɗan jan hannun wanda ya taɓa shi. Na ji tsoro, domin tsohuwa ce take dafa shi ba takalmi. Na roƙe ta izinin dubawa, ta ce, "Duba, amma kada ka kore shi."

Na bi abin daki-daki. Na cire wayar jita, ƙugin bai tafi ba, wanda ya nuna daga ciki yake. Na ƙwanƙwasa kwalaben da tsinken itace, ba wadda ta amsa. Na kashe shi, na sauke ragowar wutar da take maƙale a ciki, sannan na sauya kafasitocin da suka bushe, wato 'yan gwangwanayen da suke tace wutar. Ƙugin ya ragu, bai mutu ba. Daga ƙarshe na lura filoginsa ƙafa biyu ne, babu wayar da take kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Shekara da shekaru jikin Kaka ne yake yin wannan aikin.

Na kafa sandar ƙarfe a bayan ɗakinta, na ja waya daga sandar zuwa akwatin, na kunna. Kwalaben suka yi ja, ɗakin ya yi tsit.

"Me ka yi masa?" ta tambaya.

Da nufin in faɗi daidai, ba ƙari ba ragi, na ce, "Ba shi da ƙasa ne, Kaka. Yanzu na ba shi ƙasa."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Ta daɗe tana kallon akwatin, ta dafa shi, ba abin da ya sauya. Ta janye hannunta a hankali ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙurunƙus." Washegari ta sa aka yi waina aka raba sadaka, ta kuma aika a roƙi liman ya yi wa Habu addu'ar mamaci, abin da ta ƙi yarda da shi tun tafiyarsa.

A ilimance na san abin da na gyara, kuma zan iya kare kowane mataki. Abin da ban sani ba shi ne ko sauƙi na kawo mata, ko kuwa muryar ɗanta na ƙwace. Ta rasu ban tambaye ta ba. Akwatin yana ɗakina yanzu a Kabo. Nakan kunna shi bayan isha'i, in dafa ƙarfen, in kasa kunne, ina jiran abin da ni da kaina na binne.