Giwan Ruwa Tsakanin Gwamnati Biyu

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Majidaɗi a Jalingo, ni da maƙwabcina, a kan babur ɗinsa. Na rataya jakar ƙugiyoyi, shi kuma ya ɗaure galan ɗin mai a baya, domin a bana duk wanda ya dogara da gidan mai a hanya, to ya shirya tura babur. Lau muka nufa, bakin kogin Binuwai.

Dalilin tafiyar yayana ne. Shi ya raine ni, shi ya koya mini jefa ƙugiya tun muna ƙauye a wajen Lau, kafin mu dawo Jalingo na kama aikin kafinta. Yanzu yana kwance a gidana, ciwo ya ci ƙarfinsa, abinci ba ya shiga. Likita ya ce muddin bai fara ci ba, magani ba zai kama shi ba. Ran nan ina yi masa fifita sai ya ce, "Da zan sami romon giwan ruwa, ɗanye, na kogin garinmu, da na sha." Na sayo na kasuwa, ya sansana ya ce wannan ya kwana a hanya. Shi ne na ce bari in je in kamo da hannuna.

Hanya tana da kyau har mararrabar da ake barin titin Yola. Daga nan sai haƙuri. Damina ta yi nisa, laka ta cinye hanya, wani wurin mu hau babur, wani wurin babur ya hau mu. Gonakin shinkafa dama da hagu sun yi kore shar. Mun wuce mata Mumuye da kayan itace a kai, suna tafiya sun fi mu sauri, har ɗaya ta ce ko ta rage mana hanya. A wata ruga muka sha fura da nono mai sanyi. A Kunini muka ci ƙosai, na ga an rage masa girma amma kuɗinsa yana nan, na yi magana, mai tuya ta ce in je in tambayi mai sayar da man gyaɗa.

Da hantsi muka isa bakin ruwa. Binuwai ya cika ya batse, ya haye gaɓa, ya haɗe da wani babban tafki da ke gefensa, har ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. A mashiga akwai alluna biyu. Ɗaya na gwamnatin tarayya ne, da Turanci, maƙwabcina ya ce yana cewa kogi hanyar ruwa ce ta ƙasa baki ɗaya. Ɗayan sabo ne, na jiharmu, tunda ba a daɗe da yanke mu daga Gongola ba. Shi da Hausa aka rubuta, na tsaya na karanta da kaina kamar yadda ake koya mana a ajin yamma: an hana kamun kifi a tafki sai ruwa ya ja, saboda lokacin ƙwai ne. Na ce ba damuwa, mu kogi muka zo.

Wani ɗan uwanmu na nesa ya ara mana kwalekwale. Ya so ya raka mu, amma maƙwabcina ya ce shi ma a bakin ruwa aka haife shi. Daga baya na gane rafin bayan gidansu yake nufi. Muka yi ta juyawa wuri ɗaya, mutanen gaɓa suna dariya, kafin muka kama hanya. Ruwa yana da ƙarfi, ba wurin tsayawa. Can muka hangi kan wata gora ya leƙo a tsakiyar ruwa, muka ce Allah ya kawo mana turke, muka ɗaure kwalekwale a jikinta.

Na sa ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya na jefa ta wajen kogi. Mun daɗe muna jira. Rana ta take sai na ji an fizgi igiya kamar za a cire mini kafaɗa. Kifin ya ja mu, kwalekwale ya juya a jikin gorar, ya yi wancan gefen da gudu. Na yi ta sassauta masa ina janyowa, yadda Yaya ya koya mini, har ya gaji. Giwan ruwa ne, tsawonsa ya kai hannuna, fari tas yana sheƙi. Na zura masa igiya ta baki, na ɗaure a gefen kwalekwale ya ci gaba da numfashi a ruwa, don ya isa Jalingo da ɗanyantakarsa.

Muna isa gaɓa muka tarar da jama'a suna jiranmu, ba mai dariya. Wani mutum mai rigar kaki, ma'aikacin jiha mai kula da kamun kifi, ya yi mana sallama ya ce, "Malam, ka san abin da ka ɗaure jirginka a jiki?"

Ashe gorar nan ita ce iyakar tafki. Al'adar mutanen wurin ce: idan damina ta faɗi sai a kafa gora a bakin tafki a ɗaura mata ƙullin ciyawa, alamar an rufe ruwa. Na san wannan tun ina yaro. Amma ruwan bana ya shanye ciyawar, kan gorar kawai ya bari. Da jiha ta zo da dokarta, wannan gorar ta ɗauka iyaka. Ƙugiyata a kogi ta faɗa, kifin kuwa a tafki na ciro shi, kuma kowa ya gani.

Ana cikin haka sai ga ma'aikacin tarayya mai kula da jiragen ruwa, mutumin kudu, Hausarsa tana ɗingishi amma ana fahimta. Ya ce, "Wannan mutum ba laifi. Ruwa ya haɗu, duka kogi ne. Kogi na tarayya, ƙugiya ɗaya ba a hana."

Na jiha ya ce, "Oga, ku kuna can Abuja kuna yi wa kogi doka ɗaya tun daga Yola har teku. Kun san watan da kifinmu yake shiga tafki? Mu muke nan."

Na tarayya ya ce, "To kifi tana da katin jiha? Yau tana Taraba, gobe Adamawa. Kai ka rufe, maƙwabci ya buɗe, me ka tsare?"

Na tsaya ina sauraro, kuma gaskiya kowannensu na ji maganarsa ta shiga kunnena. Ba wanda ya nemi wani abu a hannuna, ba wanda ya zage ni. Na gaya musu halin da yayana yake ciki. Na jiha ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ba zan ƙwace da ƙarfi ba, tunda ga Oga ya ce ruwansa ne. Amma idan ka tafi da shi, gobe kowa zai ɗaure jirgi a gorar nan ya ce a kogi ya jefa." Na tarayya ya ce in ɗauki kifina in tafi, shi zai tsaya mini. Maƙwabcina ya raɗa mini cewa babur yana kusa.

Har na sa hannu zan kwance igiya in ciro shi, sai wata dattijuwa mai banda kifi, wadda tukubarta take a bushe ba hayaƙi, ta ce, "Ɗana, mu da muke kwana a bakin tafkin nan, tun farkon damina busasshe muke ci. Muna ganin kifi yana wasa, mun kau da kai. Kai daga zuwa yau?"

Ba ta ɗaga murya ba. Na dubi mazan da ke tsaye, komarsu a rataye a bishiya. Na dubi kifin, cikinsa a cike da ƙwai. Na tuna fuskar Yaya. Na daɗe a tsugune, sannan na zare igiyar daga bakinsa. Ya ɗan tsaya kamar bai yarda ba, ya kaɗa wutsiya ya nutse.

Bayan azahar ɗan uwan nan namu ya tuƙa mu da kansa zuwa tsakiyar kogi, nesa da kowace gora. Muka zauna har la'asar sakaliya. Tarwaɗa biyu ƙanana muka samu. Giwan ruwa bai sake waiwayarmu ba. A hanyar dawowa, da muka hau kwalta, maƙwabcina ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda gwamnati ta ba kifi ya mayar ba.

Bayan isha'i muka shigo Jalingo. Matata ta yi romon tarwaɗar da yaji kaɗan, na kai wa Yaya. Ya leƙa kwanon ya dube ni.

"Giwan ruwa na ce."

Na zauna na ba shi labari duka, ban rage komai ba. Bai ce na kyauta ba, bai ce na yi wauta ba. Ya ɗauki cokali ya kurɓi kaɗan, ya sake kurɓa, ya ture kwanon. Can ya ce, "In an cire gorar sai ka koma. Zan jira."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, dokar nesa tana ganin kogi gaba ɗayansa amma ba ta ganin bakin tafki, dokar kusa tana ganin bakin tafki amma ikonta bai wuce iyakar jiha ba. Idan suka saɓa, ba su suke ɗaukar nauyin ba, mutumin da ke tsugune da igiya a hannu shi ake bar wa hukunci. Ni na yanke nawa, kuma har yanzu ban san ko daidai na yi wa ɗan uwana ba. Yana nan kwance, wata rana ya kurɓi kunu, wata rana ya ƙi. Duk direban da ya sauko daga Lau nakan tare shi a tasha, tambayata ɗaya ce: ruwa ya fara ja?