Lukumanu, badukun da ba ya auna ƙafa da safe

Kowace safiya Malam Lukumanu yakan buɗe rumfarsa a unguwar Digel, ya share, ya jera basilla da zare, ya ɗora kaskon yashi a kan gawayi kamar mai shirin suyar gyaɗa. Gyara yana karɓa tun hantsi. Amma in awon ƙafa ya kawo ka, sai ka juya. "Ƙafar safe ƙarya take yi," in ji shi. "Dawo bayan la'asar, in ta sha tafiya ta kumbura."

Dukanmu an rene mu a kan cewa sabon takalmi dole ya ci ƙafa, a yi haƙuri, zai saki. Ban san wanda ya fara wannan magana ba, amma na tabbata ba ƙafarsa aka ci ba. Lukumanu bai taɓa yarda da ita ba. Kowa lamba yake tambaya, wato tsawo. Shi faɗi yake dubawa, da tudun ƙafa, da inda ƙashi ya turo.

A tambayi Hanatu. Sana'arta ɗauko kaya a ka daga Kusiri, tsallaken iyaka, ta gadar Ngeli, a ƙafa, da haka take ci da 'ya'yanta. A shekara ta 2002 babur ya banke ta a bakin gadar. Idon sawunta na hagu ya ɗoru a karkace, ƙafar ta yi faɗi, tana gurɗewa ko a tsakar gida. Silifa ba ya riƙe ta, rufaffen takalmi ba ya shiga. Masu ba ta kaya suka fara neman wata.

Da sassafe aka kawo ta rumfar, tana dogara sanda. Ya ce sai la'asar.

"Haba Baba, da ƙyar fa na zo."

"Na gani, 'yata. Zagaya kasuwa da sandarki. Ki gaji sosai."

"Magani na zo nema ko horo?"

"Ƙafar da za ta tsallake gada nake son gani, ba wadda ta tashi daga barci ba."

Ta tafi tana gunaguni. Da ta dawo, ƙafar ta cika fam. Ya durƙusa ya shafa ta da hannu biyu, a hankali, kamar makaho na karanta fuska. Sai ya miƙe ya nufi wajen Salihu mai gwanjo.

Akwai wasu takalma da suka fito daga dila, sun shekara a rataye ba mai taya su: dogaye, masu tauri kamar itace, da ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansu. Irin na Turawa ne, na zamiya a kan ƙanƙara.

"Malam, za ka koma ƙasar sanyi ne?" in ji Salihu. "Mu nan ƙanƙararmu ta cikin kular masu lemo ce."

"Sauko da su dai. Kai wuƙar kake kallo, ni wuyan."

Abin da idonsa ya hango ke nan, abin da dukan kasuwa ta wuce: takalmin da aka yi don kada sawu ya gurɗe a kan santsi zai riƙe sawun da ya karye. Ya kwance ƙarafan, ya yi musu ƙasa da tayar mota. Tsawo ya yi daidai, faɗi ne bai kai ba. Nan kasko ya yi aikinsa. Ya ɗura yashi mai zafi a jakar tsumma, ya cusa ciki har fatar ta yi laushi. Daidai inda ƙashin ya turo, ya danna da kan 'yar taɓarya daga ciki har ya yi masa ɗaki. Ya gwada zafin da bayan hannunsa, ya sa mata safa mai kauri, ya zura, ya ɗaure.

"Kada ki motsa sai ya huce. Yanzu yake koyon ƙafarki."

Sun maimaita haka yammaci bayan yammaci. Ran da ya ce "kalas", wato an gama, Hanatu ta miƙe ta taka har bakin titi, ta dawo, sai a lokacin ta lura sandar na jingine a rumfa. Ba a yi mako ba masu babur na Ngeli suka gan ta a kan gada, kaya a ka, zani a sama, takalmin ƙanƙara a ƙasa. Sun yi dariya. Ta wuce su.

Bana idon Malam ya raunana, bayan Sallah zai rufe rumfa.

Kai ne, Lukumanu, mai durƙusa wa ƙafar talaka. Kai ne ka ƙi cewa mutum ya yi haƙuri da ciwo, ka sa fata ta bi ƙashi. Mun gode, Allah ya saka, ya ƙara maka lafiya.

Ku kuma masu ɗinki, masu koyarwa, masu duba marasa lafiya, ku je Digel kafin Sallah ku ga yadda ake auna mutum a lokacin gajiyarsa. Ku je bayan la'asar. Wataƙila ku tarar da Hanatu, ta dawo daga gada, ta kawo takalmin a sake masa ƙasa.