Wani Yaro da ke Gidanmu

Ni mutum ne da ba ya iya barin abu da girman da Allah ya yi shi. In na ga ɓera a sito da safe, kafin in kai labarinsa ofis ya zama ɗan akuya, kafin a tashi aiki ya fitar da ƙaho. Abokan aikina sukan ce in na ba da labari a zubar da rabi, sauran ma a tankaɗe. Shi ya sa ranar da kamfaninmu, mai sayar da taki da irin shuka, ya ce kowane ma'aikaci ya buɗe shafi a dandalin nan na ma'aikata, inda kowa ke sa hotonsa cikin kwat yana murmushin neman aiki, sai na ji kamar an jefa kaza cikin rumbu.

An yi wurin ne don mutum ya faɗi abin da ya iya, ya nemi aiki ko ya nemi ma'aikaci. Amma na tarar an riga an mai da shi zaure. Wannan ya yi aure, ya tsamo darussan shugabanci daga ciki. Wancan motarsa ta mutu a hanya, ya koyi haƙuri da masu saye. Na ce to, an zo wurin. Na rubuta yadda wani mai keke ya koya mini ciniki tsakanin unguwar Gwallameji da ofis, a nan Bauchi. Da autata ta ci gasar karatu na sa hotonta, na ce tun tana zanen goyo take gyara wa likita lissafi. Da yayarta ta gama makarantar koyon jinya kuwa, abin da na rubuta ya fi huɗubar Idi tsawo.

Mutum ɗaya ne ban taɓa rubuta ko harafi a kansa ba, ɗana na fari.

Wanda ya tashi a irin gidanmu ba ya bukatar bayani. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a yabonsa a bainar jama'a. Nawa kuma ya zo da nauyi biyu. Mahaifina ya rasu matata na da cikinsa, da aka haife shi aka mayar masa da sunan. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ina yaro a unguwar Gwallaga, shi ne aka ɗora wa wanda dama ba zan kira ba. Da aka yaye shi, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɗauke shi ta tafi da shi ƙauyen Zungur, inda ta koma bayan ta fita takaba. Can ya tashi, yana bin ta gona. Ya ji ƙannena suna ce mini Yaya, shi ma ya ɗauka, kuma ba wanda ya gyara masa. Sai da zai shiga sakandare ya dawo wurinmu. In ina nemansa sai in ce, “Ina mutumin nan?” In yana gabana kuwa, “kai” ta wadatar.

Ya karanta injiniya, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna a gida zaman da har kujerar barandarmu ta ɗauki siffarsa. Shi ma yana dandalin, yana neman aiki. Duk abin da na rubuta sai ya danna alamar babban yatsa, amma bai taɓa cewa uffan ba.

Ranar da wani kamfani a Kudu ya ɗauke shi, ya zo ya durƙusa a gefen tabarmata ya faɗa mini. Na ce, “To, madalla. Allah ya sa albarka.” Na ƙara wa rediyo murya. A cikin ƙirjina kuwa makaɗa ne suka sauka da ganguna da algaita, ba wurin tsayawa.

Washegari a ofis na kasa aiki. Na buɗe dandalin na fara rubutu. Da Turanci ake rubutu a wurin, da shi na rubuta, amma da Hausa na yi tunanin. Na ce akwai wani yaro da ke gidanmu. Na faɗi yadda ya tashi a ƙauye a hannun wata tsohuwa, yadda yake zuwa makaranta bayan ya ɗebo ruwa, yadda ya zo gidanmu da kayansa a buhu, yadda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na ce yau wannan yaro ya zama injiniya, ya sami aiki. Ban sa suna ba, ban sa hoto ba. Abin mamaki, ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. A ganina duk ɗan Bauchi da ya karanta zai yi murmushi ya ce, ji wannan, yana yabon ɗansa ta bayan gida.

Sai dai dandalin ba Bauchi ba ne.

Kafin azahar abin ya bazu fiye da duk ƙaryar da na taɓa shararawa. Wani ya ce Allah ya ƙaro irina, masu ɗaukar yaran aiki su ba su ilimi. Wata ta ce ta yi hawaye, ita ma marainiya ce. Wani babban manaja ya ɗauki rubutun ya kai shafinsa, ya ce ga abin koyi ga duk mai boyi a gida. A tsakiyar wannan ruwan yabo na hango kalma biyu daga mutumin nan da kansa, karo na farko: “Na gode.” Nan take jama'a suka gane shi ne yaron, suka juya kansa, suna ce masa ya riƙe ubangidansa da kyau.

Akawun ofishinmu, wata 'yar Kudu da ta daɗe a Bauchi har tana cin tuwo da miyar kuka fiye da ni, ta leƙo da wayarta a hannu.

“Oga, kai mutumin kirki ne fa. Ni ban sani ba kana da boyi. Uwansa ya mutu ne?”

“Madam, uwarsa ce ta dama mini kunun da na sha yau.”

“To shi wane ne?”

Na ce, “Yayan ma'aikaciyar jinyar nan ne.”

Ta ajiye wayar a kan teburina. “Wato ɗanka! Oga, ka haifi injiniya kana ɓoye shi kamar akuyan sata? Mu a wurinmu, da sunan ɗan fari ake kiran uwa har ya mutu.”

Na yi dariya har da buga tebur. Na riga na fara shirya yadda zan ba da labarin a majalisa, da yadda zan ce har daga ƙasar waje an aiko a ba ni lambar yabo.

Da la'asar na koma gida na tarar mutumin nan yana shanya rigunan da zai tafi da su. Ya bari sai da na zauna, sannan ya zo ya durƙusa.

“Yaya, na ga abin da ka rubuta.”

“To.”

“Shugaban sashen da zan je ma ya gani. Ya aiko mini cewa bai san ni maraya ba ne. Wai in na zo zai riƙe ni kamar ɗansa.” Ya sunkuyar da kai. “Me zan ce masa?”

Na ce, “Ka ce masa ya fara da biyan kuɗin shinkafar da ka ci.”

Bai yi dariya ba. Idonsa na kan tabarma.

“Na san al'ada ce, Yaya. Ban taɓa riƙe ka da ita ba. A nan kowa ya san ɗan wa nake. Amma can da zan je ba wanda ya san al'adar nan. Abin da ka rubuta shi suka sani.” Ya ɗan murza gefen tabarmar. “Ƙannena ka ce naka ne.”

Ya tashi ya koma wurin shanyarsa.

Kafin tafiyarsa muka je Zungur ya yi wa Inna sallama. Da ya fita gaida maƙwabta, na matsa kusa da ita na kwashe labarin na faɗa mata, na ce ina so in gyara rubutun, in ce ɗana ne, in sa sunansa.

Tana ɓare gyaɗa, ba ta ɗago ba. “Sunan Malam za ka sa a waya, kowa ya shafa da yatsa?”

“Inna, ba su gane ba ne.”

“Ubanka har ya koma ga Allah bai kira sunan yayarka ba. Da ta yi ciwo, wa ya kwana a tsaye? Kunya ba ƙi ba ce. Ku ne yanzu komai sai kun kai kasuwa.”

Gaskiya ta faɗa, ban da abin musu. Na ce, “Cewa suke yi boyina ne. Wasu kuma maraya.”

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar.

“Boyi?”

“Haka suka ce.”

“Wanda na goya a bayan nan?” Ta daɗe tana kallon ƙofar da ya fita. Sannan ta ci gaba da ɓara, da ƙarfin da ya fi na ɗazu. “Ni dai kada in ji da kunnena.”

A ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidanta na zauna na ciro wayar. Dandalin yana da ka'ida, in kana son rubutu ya nuna mutum, sai ka rubuta sunansa da kanka har shafinsa ya fito. Na danna harafin farko, ina waige-waige kamar mai satar nama a tukunya. Kafin in gama, cikakken sunansa ya fito. Sunan mahaifina a gaba, nawa a bayansa. Duk rayuwata nawa ne a gaba, na mahaifina yana biye. Na zauna ina kallon su a haka, har allon wayar ya yi duhu na sake kunna shi.

Abin da na rubuta bai kai layi uku ba. Na ce yaron da na ba da labarinsa ba yaron aiki ba ne, ba maraya ba ne. Ɗana ne na fari, kuma a wurinmu kunya ke hana uba faɗin haka. Na tura, na jefa wayar a aljihu kamar garwashi.

A hanyar dawowa yana zaune a gefena. Na ga ya duba wayarsa, ya daɗe, sannan ya juya fuskarsa wajen taga. A haka muka shigo gari, muka isa gida. Uwarsa, wadda ita ma ba ta taɓa kiran sunan ba, ta kalle ni ta kalle shi, ta shige ɗaki.

Ranar tafiya na raka shi tasha. Ana ta ɗaure kaya a saman mota, masu sayar da biredi suna cusa mana shi a fuska. Ya durƙusa a cikin hayaniyar nan, na yi masa addu'ar da ake yi wa matafiyi, na ce ya riƙe salla, ya kiyayi abin mutane. Ya miƙe, ya sa ƙafa ɗaya a cikin motar, sai ya juyo. Bai dube ni ba.

“Shugaban nan ya sake aiko saƙo. Ya ba da haƙuri.”

“Ba komai, ai ba laifinsa ba ne.”

“Ya ce in gaida mahaifina.”

Na gyara hulata, wadda ba abin da ya same ta.

Na ce, “Ina amsawa.”