Dokin Tarlochan Mai Yankakken Kunne

Shekara arba'in da shida Tarlochan Singh yana sassaƙa dawakin dara a Amritsar ta ƙasar Indiya, amma ba a taɓa rubuta sunansa a jikin akwati ba. Ko sau ɗaya! Sunan Turawan da suka mutu tun kafin a haife shi ake rubutawa, da shekarar gasa, da wani gari da bai taɓa takawa ba. Abin nan ya tsaya masa a wuya, kuma kowa a layin ya sani, don Tarlochan ba ya haɗiye magana.

A darar shatranj, sarki da sarauniya da sojoji duk inji ke fitar da su. Doki ne kaɗai sai an sa hannu da wuƙa. Masu tara kayan dara kuwa, waɗanda ke cika falo da kwafin 'ya'yan darar da aka buga manyan gasanni da su a da, doki suke fara dubawa. Sai su aiko da tsohon hoto a ce wa Tarlochan ya yi irinsa sak, kada ya ƙara, kada ya rage.

Ubansa keken doki yake haya da shi daga tashar jirgin ƙasa zuwa kasuwa, da wata goɗiya mai yankakken kunnen hagu. A jikinta Tarlochan ya san doki, tun yana wanke ta da guga. Yana shekara sha huɗu aka kai shi shagon Lala Kewal, mai sana'ar kayan dara. A nan ya bar kan yatsansa guda, a nan gemunsa ya yi fari, kuma da wuƙar nan ya aurar da 'ya'yansa mata uku.

Sau ɗaya tak ya taɓa sa nasa a aiki. Shekara talatin ke nan, Lala Kewal ya kawo hoton wata gasa da aka yi a Turai kafin babban yaƙin duniya. Hoton ya koɗe, kuma gefen dama na dokin kawai ake gani.

"Hagun fa?" in ji Tarlochan.

"Kai ka sani," in ji Lala. "Wa zai tono kabari ya tambaya?"

Sai ya ba dokin hagun goɗiyar ubansa, har da yankan kunnen. Aka jiƙa katakon a baƙin shayi, aka turara shi da hayaƙi ya yi kamar ya tsufa, aka tafi da shi.

Lala ya rasu, shago ya koma hannun ɗansa Rajan. Wata safiya mota ta tsaya a ƙofa, Dakta Wadhawan ya fito, wani likita daga Delhi da ake cewa ɗaki biyu ya ware wa dara. Ya zo duba kwafin da ya sa a yi masa na wannan gasar. Ya ɗaga sabon dokin Tarlochan, ya taɓe baki.

"Dattijo, ka yi ƙoƙari, amma hannun Bature daban ne. Tsaya ka ga na asali."

Ya buɗe wani ɗan akwati mai shimfiɗar karan-miski, ya sa farin safar hannu, ya ɗauko doki.

"Shekara ashirin yana wurina, ko matata ba ta taɓa shi. Dubi kunnen nan. Wanda ya yi wannan ya zauna da doki, ya ji warinsa. Ku kwaikwayo kawai kuka iya."

Tarlochan ya ji jini ya hau masa kai. Rajan, wanda ya san ubansa ne ya sayar da wancan dokin a matsayin na asali, ya matso ya damƙi hannunsa, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, don girman Allah ka yi shiru. Ka rufa mana asiri. Ka buɗe baki, ka bar bencin nan yau."

"Sake ni, yaro. Ina kan bencin nan aka yi maka aski na farko."

Ya juya wajen likita. "Yallaɓai, wannan gwanin naka, meye sunansa?"

"Ba a sani ba. Irinsu ba sa neman suna."

"Wa ya gaya maka? Kawo nan!"

Kafin likita ya farga, dokin ya koma hannun mai gajeren yatsa. Likita ya ƙwala ihu kamar an taka masa ƙafa. Tarlochan ya murɗe kan dokin daga gindinsa, abin da likita bai taɓa yarda ya gwada ba, ya miƙa masa. A wurin mahaɗin akwai harafin farko na sunansa, da rubutun Panjabi, yarensu. Ya murɗe sabon da aka taɓe wa baki, ga harafin nan iri ɗaya.

"To, Baturen naka Panjabi yake rubutawa? Kunnen goɗiyar ubana ne! Waya ce ta yanke shi a bakin tasha, ina tsaye. Ni na yi shi a kan bencin nan, da shayin da Lala ya rage."

Tarlochan ya tsaya yana huci, ƙirji a buɗe, yana jira. Ai mutumin nan da bakinsa ya ce gwani ne ya yi. Abin da ya rage kawai ya tambayi sunansa.

Likita ya daɗe yana kallon harafin. Sannan ya cire safar hannunsa a hankali.

"Ashe jabu ne," ya ce.

Ya saki kan dokin a cikin garin katako, ya rufe akwatinsa na karan-miski babu komai a ciki, ya sa a hammata, ya gaya wa Rajan zai ji daga lauyansa. Kai, wannan rashin mutunci da me ya yi kama! Akwatin ma ya fi dokin daraja a wurinsa.

Rajan ya nuna wa tsohon ƙofa. Tarlochan bai ko dube shi ba. Ya tsugunna ya tsinci kan dokin, ya hure ƙurar daga kunnen, ya naɗe wuƙaƙensa a tsumma. Da ya fito, motar ta riga ta ja, gilas a rufe. Ya bi ta da sauri har bakin kwana, rawaninsa na warwarewa.

"Tarlochan Singh!" yake ta ihu. "Sunana Tarlochan Singh!"

Mai shayin bakin layi ya ɗago kai daga tukunya. "Mun sani mana, Baba," ya ce. "Wa ya tambaye ka?"