Ƙofar Gidanmu a Bugun Farko

A shekarun da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ni aikin da ya faɗo mini a Agege, nan Legas, shi ne kallo. Ba don marmari ba. Gwiwoyina sun riga sun ƙi ni, ko bakin layin dogo ba na iya kaiwa. Babban ɗana kuwa yana da rumfa a kasuwa, ya fara barin kaset yana komawa faifan bidiyo, wanda yara ke ce wa sidi.

Cikin masu saye a wurinsa akwai waɗanda tarawa suke yi, ba kallo ɗaya a jefar ba. Irin waɗannan ba sa yafe aibi. Faifai ya sarƙe a tsakiya, su dawo da shi da faɗa. Shi ba shi da lokacin zama ya duba, ni kuma lokaci kaɗai ya rage mini. Sai ya kafa mini na'ura da talabijin a ɗaki, kullum kafin ya fita ya zube mini sababbi a kan tabarma.

Ban yi boko ba, rubutun bayan kwali ba ruwana da shi. Ido nake sawa, da kunne. Wani faifan, fuskokin mutane su farfashe gida-gida su tsaya cak. Wani, baki ya gama motsi sannan murya ta biyo baya tana jan ƙafa. Na Indiya wani lokaci sai inuwar kan mutum ta gifta, ashe a gidan silima aka sato shi. Kuma kowane fim biyu yake zuwa, na ɗaya da na biyu. Sai a bar ni da gawa a na ɗaya, in sa na biyu in tarar da waɗansu mutane dabam suna rawa a kan dutse. Mai kyau in sa a kwando, marar kyau in tura ƙarƙashin gado. Wuta ta ɗauke, in zauna cikin zafi in jira ta. Haka rana take faɗuwa, idanuna suna ruwa, kaina yana sara.

To, abu guda ne ya sa na jure. Tun zamanin kaset akwai wani fim na Hausa da aka ɗauki wani yanki nasa a garinmu, can arewa. Wata mata ce ɗauke da tulu, ta wuce ta gaban wata ƙofa mai tsamiya a gefe. Kaset ɗin ya sha hannu kafin ya zo mana, wurin kuma kamar ƙiftawar ido yake, amma na gane. Ƙofar gidanmu ce, inda mahaifina yake shimfiɗa buzu bayan la'asar. Rabona da garin tun ɗana yana goye. Waɗanda zan je dominsu duk sun kwanta dama, jikina kuma ba zai ɗauki hanyar ba. Na yi ta sa a mayar mini baya, a mayar, a mayar, har hoton ya koma kamar ana hangen ƙofar cikin ruwan sama. Rannan na'ura ta tauna zaren, shi ke nan.

Da aka ce fim ɗin ya fito a faifai, na ce Allah ya dube ni. Ina so in sake ganin ƙofar nan ko sau ɗaya ne kafin idon ya tafi. Amma na ɗaya ya ƙare matar tana bakin rijiya, na biyu ya fara ta riga ta isa gida. Ƙofar ta faɗa tsakani. Ɗana ya ce masu kwafa ne suke datse bakin fim don ya shiga faifai. Ya kawo na kasuwar Oshodi, ya kawo na wurin abokansa, duk haka. Ni kuma duk wanda ya zo, ƙarƙashin gado.

“Inna, wannan fa ba abin da ya same shi,” in ji shi.

Na ce an yanke. Ya ce ba mai lura in ba ni ba. Na ce ai ni ya sa in duba.

Ana nan, sai ya ba ni labarin maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fataucin goro, haifaffen Legas, kakansa soja ne. Shi ma mai tarawa ne, yana da durowa mai gilashi cike da faifai. Wanda ya fi ji da shi ba ya buɗewa, a ledarsa yake ajiye shi kamar yadda ya fito. Kuma yana da bugun farko na fim ɗin nan, wani direban motar goro ya kawo masa daga Kano.

Na aika masa, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na faɗa masa buƙatata. Ya sosa ƙeya, ya ce in an yaga leda ai darajar ta tafi, ko uwargidansa ba ta taɓa durowar nan.

Na ce, “Alhaji, abin da ba ka buɗe ba, ta ina ka san ba fanko kake gadi ba?”

Ya yi dariya, ya yi wata magana da Yarbanci, ya tafi. Na ɗauka an gama. Sai wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ga shi da ɗana, faifan a aljihun babbar riga. Ya juya shi, ya sake juyawa, sannan ya yaga ledar da hannunsa.

Wurin yana nan. Ɗana ya tsayar da hoton. Kaset in an tsayar rawa yake yi, faifai kuwa cak yake tsayawa, ba ya ɓoye komai. Na ja jiki har gaban talabijin. Lungunmu ne, ba shakka, ga tsamiyar. Amma katangar ta siminti ce, ƙofar ta ƙarfe. An fasa zauren an yi shago, injin niƙa yana zaune daidai inda buzun yake. Ashe duk shekarun nan kaset dushi-dushi yake ba ni, ni nake cika sauran.

Na daɗe ina kallo. Alhaji yana riƙe da yagaggiyar ledarsa, yana jira.

“Iya, yaya kika gani?”

Na ce, “Mai kyau ne, Alhaji. Ba yanka, ba sarƙewa, baki da murya tare suke tafiya.”

Ya ce in riƙe shi in yi ta kallo. Na ce a'a, ya mayar durowa, Allah ya saka masa da alheri.

Washegari na sa sanda na jawo na fim ɗin nan da ke ƙarƙashin gado, na kaɗe su, na zuba a kwando. Ɗana ya dube ni. Ya zube sababbi a kan tabarma ya fita, na miƙa hannu na ɗauki na sama.